Ƙarar kuloci a tsohuwar mota: Yadda ake gano inda matsalar take da abin da saiti zai iya gyarawa

Da yawa daga cikin motocin da ke jigilar mutane da amfanin gona tsakanin birnin Sakkwato da garuruwan Wurno, Rabah da Goronyo tsofaffi ne masu giyar hannu: Golf, Hiace, Canter da ragowar akori-kurar Peugeot. A irin waɗannan motoci, kuloci na cikin sassan da suka fi shan wahala, kuma yana cikin waɗanda ke iya tsayar da mota cak a tsakiyar daji.

Tsayuwa a daji ba ƙaramin abu ba ne a gabashin Sakkwato. Yankin ya shafe shekaru yana fama da 'yan bindiga, waɗanda a watan Oktoban 2021 suka kai hari kasuwar Goronyo suka kashe sama da mutum 40. Direban da motarsa ta mutu da la'asar sakaliya tsakanin Achida da Goronyo, ko a kan hanyar Rabah zuwa Gandi, ba asarar kuɗin lodi kaɗai yake tsoro ba.

Sai dai kuloci ba ya cika mutuwa farat ɗaya. Yakan yi makonni yana ba da alama ta hanyar ƙara, wari, ko canjin yadda feda ke amsa ƙafa. Wanda ya san lokacin da ƙarar ke farawa da lokacin da take ɗaukewa zai iya gane ɓangaren da ya lalace tun motar na tsaye a tasha, ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba.

Yadda kuloci yake aiki

Kuloci shi ne mahaɗar inji da giyabos. A bayan inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi da ake kira fulawil, wanda ke juyawa muddin inji na aiki. A jikinsa ake ɗaure murfin kuloci, wanda kanikawa ke kira firesha. Tsakanin su biyun akwai farantin kuloci, wanda aka lulluɓe fuskokinsa da abu mai kaushi irin na birki, kuma yana zaune ne a kan sandar da ke shiga giyabos.

Idan ƙafa ba ta kan feda, sifirin ɗin firesha yana matse farantin a jikin fulawil, sai inji da giyabos su juya tare. Idan aka taka feda, wani ƙarfe mai baki biyu da ake kira fok yana tura boris ɗin saki, shi kuma ya danna yatsun sifirin, matsin ya sassauta, farantin ya sami 'yanci. A lokacin ne ake iya sauya giya.

A motocin da tayoyin baya ke turawa, kamar Peugeot 504, Hiace da Hilux, akwai kuma wani ƙaramin boris ko bushi a tsakiyar gindin karanshaf, inda bakin sandar giyabos ke hutawa. Yawancin ƙananan motocin da tayoyin gaba ke ja ba su da shi.

Saƙon ƙafa yana isa ga fok ta ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Ta farko waya ce, kamar a Golf 2 da Golf 3 masu yawa. Ta biyu man birki ne da ke bi ta siririn bututu tsakanin silinda biyu, waɗanda ake kira kulocin sama da kulocin ƙasa. Wannan tsari ne ke jikin Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, kuma kamfanin PAN da ya soma aiki a Kaduna a 1975 ya daɗe yana harhaɗawa. Shi ne kuma a jikin Hiace, Hilux da Carina E. Sanin wane iri mota take da shi shi ne matakin farko, domin saitinsu ya bambanta.

Abin da ke cinye kuloci a wannan yanki

Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, da aikin noman rani na Wurno sun mayar da fadamun yankin wuraren noman shinkafa, albasa da tafarnuwa. Wannan amfani yana barin gona ne ta hanyoyin burji, yashi da laka kafin ya hau kwalta zuwa kasuwanni irin na Achida da Sakkwato.

Farantin kuloci ba ya lalacewa sa'ad da yake manne sosai, ko sa'ad da yake sake sosai. Yana cinyewa ne a ɗan tsakanin nan da yake gogar fulawil, wato lokacin tashi. Motar da aka yi wa lodi fiye da kima tana buƙatar doguwar gogayya kafin ta motsa. Idan kuma ta kafe a yashi, direba ya riƙa ba ta wuta da rabin kuloci yana gaba yana baya, zafin da ke taruwa cikin 'yan mintoci zai iya ƙona faranti sabo.

Yanayi ma yana da nasa rabo. A watannin bazara zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, abin da ke hana sassan hucewa da wuri. Ƙurar hunturu tana shiga rigar waya da gaɓoɓin fok, ta haɗu da giris ta zama kamar yashin goge ƙarfe. Da damina kuwa, motar da ta ratsa ruwa mai zurfi aka ajiye ta kwanaki tana iya wayar gari farantinta ya manne da fulawil saboda tsatsa.

Sauran laifin na ƙafar direba ne: ɗora ƙafa a kan feda ana cikin tafiya, riƙe mota da kuloci a hawa maimakon birki, da tashi da giya ta biyu don gudun sauya giya.

Sauraron ƙara mataki-mataki

Gwajin ƙara ana yin sa ne a wuri mai shiru, mota a tsaye, birkin hannu a jaye, rediyo a kashe. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kowane matsayi na feda yana sa wasu sassa juyawa, ya tsayar da wasu. Ɓangaren da ke juyawa a lokacin da ake jin ƙarar shi ne abin zargi.

Ana farawa da inji a kashe. A taka feda sau da yawa a hankali. Idan ana jin ƙiiƙii ko ƙas-ƙas, matsalar ba ta cikin sassan da ke juyawa. Ko dai bushin feda ne ya bushe, ko sifirin ɗin da ke dawo da ita, ko waya ta fara tsinkewa a cikin rigarta, ko gaɓar fok ce ba giris. Mutum na biyu da ya kasa kunne a ƙarƙashin bonet zai iya bambance ko ƙarar daga cikin mota take ko daga jikin giyabos.

Daga nan a tayar da inji, giya a firi, ƙafa a ƙasa. Idan ana jin gurnani ko kwaramniya, amma da an taka feda har ƙasa ƙarar ta ɗauke bayan daƙiƙa biyu ko uku, to laifin na giyabos ne. Taka feda ya tsayar da sandar giyabos, shi ya sa ƙarar ta tsaya. Abu na farko da ake dubawa shi ne man giya, domin ƙarancinsa ne ya fi kashe boris ɗin wannan sanda. Wani lokaci ƙananan sifirin da ke tsakiyar farantin kuloci ne suka saki suke kaɗawa. Sauya faranti da firesha ba zai kashe ƙarar boris ɗin giyabos ba, kuma nan ne masu mota da dama ke yin asarar kuɗi.

Idan kuwa babu ƙara sa'ad da ƙafa take ƙasa, amma da feda ta fara nauyi sai a ji shuu ko kuka mai kaifi, kuma ƙarar ta ci gaba har ƙasa, boris ɗin saki ne. Ya fara kuka ne saboda nauyi ya hau kansa. Irin wannan boris zai iya ɗaukar lokaci yana kuka, amma ranar da ya ƙame yakan cinye yatsun firesha, feda ta tafi ƙasa ba tare da kuloci ya saki ba.

Akwai wata siririyar ƙara kamar kukan tsuntsu da ake ji ƙafa na ƙasa, wadda ke ɓacewa da zarar an ɗan taɓa feda. Wannan yawanci alama ce cewa boris yana shafar yatsun firesha sama-sama, ko gaɓar fok ta bushe. Sau da yawa saiti da ɗan giris sun wadatar.

Idan ƙarar ba ta zuwa sai feda ta kai ƙasa ƙwarai, musamman an sa giya mota na tsaye, ana zargin ƙaramin boris ɗin gindin karanshaf. A wannan hali inji na juyawa, sandar giyabos kuma a tsaye take, don haka shi kaɗai ne ke aiki tsakaninsu.

Bugu mai ƙarfi lokacin tashi ko lokacin sakin totur ba lalle ne daga kuloci yake ba. Kujerar inji da ta yage, ko gaɓar shaf da ta ci, suna yin irin wannan bugu. A duba su kafin a yanke shawarar sauke giyabos.

Alama ɗaya ce ke buƙatar gaggawa ta musamman. Idan taka kuloci yana sa inji ya yi kamar zai mutu, kuma aka ga fulin gaban inji yana matsawa gaba da baya idan ana takawa ana saki, to wasan karanshaf ne ya yi yawa. Wannan aikin cikin inji ne, kuma ci gaba da tafiya a haka yana iya lalata injin baki ɗaya.

Matsalolin da ba su yin ƙara

Ta farko ita ce zamewa. Inji yana ɗaga murya amma gudun mota bai ƙaru ba, musamman a giya ta huɗu ko ta biyar, ko a hawa da lodi. Sau da yawa akwai wari mai kama da na birkin da ya ƙone. Ana gwadawa a fili inda babu kowa a gaban mota: a ja birkin hannu, a sa giya ta uku, a ba da wuta kaɗan, a saki feda a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe inji nan take. Idan inji ya ci gaba da aiki bayan an saki feda duka, kuloci na zamewa. Gwajin bai kamata ya wuce 'yan daƙiƙoƙi ba, domin shi kansa yana cin faranti. Abubuwa uku ke kawo zamewa: faranti ya ƙare, mai ya jiƙa shi daga sil ɗin inji ko na giyabos, ko saiti ya yi tsauri.

Ta biyu ita ce rashin saki. An taka feda har ƙasa amma giya na ƙin shiga, ko mota na neman tafiya da kanta. A nan ribas ce ma'auni, domin a yawancin tsofaffin motoci ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora. A taka feda, a jira daƙiƙa uku, a sa ribas. Idan ta yi ƙurrr, kuloci bai saki ba. Idan giya na shiga lafiya inji a kashe amma tana ƙi idan yana aiki, laifin kuloci ne. Idan tana ƙi a duka halayen biyu, a duba sandunan da ke haɗa hannun giya da giyabos.

Ta uku ita ce karkarwa lokacin tashi, inda mota ke jijjiga kafin ta daidaita. Mai a kan faranti, fulawil da zafi ya yi wa tabo, ko kujerar inji da ta mutu su ne sanadin da aka fi samu.

Abin da saiti yake nufi

Saitin kuloci, a taƙaice, daidaita wani ɗan sarari ne da ake kira wasan feda: nisan da feda ke tafiya sakayau kafin a ji ta fara nauyi. Ana auna shi da hannu, ba da ƙafa ba, a ɗora ruula a gefen feda a danna da yatsa. A motoci masu wayar da ake saitawa da hannu, wasan yakan kasance tsakanin milimita 15 zuwa 25. A motocin Toyota masu yawa da ke amfani da mai, tsakanin milimita 5 zuwa 15 ne. Adadin da kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta shi ne abin bi.

Abin da direbobi da yawa ba su lura da shi ba shi ne yadda wasan ke canjawa da kansa. Yayin da faranti ke sirancewa, yatsun firesha suna ƙara turowa waje zuwa ga boris, wasan yana raguwa. Saboda haka tsohon kuloci mai waya sassautawa yake bukata lokaci-lokaci. Wanda ya ji mota na zamewa ya ƙara ɗaure waya ya ƙara wa ciwon gishiri ne, domin ya bar boris yana danna firesha dare da rana.

Idan wasa ya yi kaɗan, kuloci zai zame, boris ya ƙone. Idan ya yi yawa, tafiyar feda ba za ta isa ta saki faranti ba, giya ta riƙa ƙara. Ana saitawa ne a ƙarshen wayar da ke wajen giyabos: a sassauta notin kulle, a juya na saiti kaɗan-kaɗan, a taka feda sau da yawa, a sake aunawa, sannan a kulle. Bayan nan a maimaita gwajin ribas da na zamewa.

Saiti yana da iyaka. Idan wasa ya dawo daidai amma mota ta ci gaba da zamewa, ko kuloci ba ya kamawa sai feda ta kusa dawowa sama duka, faranti ya ƙare. Babu notin da ke mayar da abin da gogayya ta cinye.

Kuloci mai amfani da man birki

Wannan tsari yana cike gurbin cin faranti da kansa, don haka galibi ba ya buƙatar saiti a ƙasa. Matsalolinsa na mai ne da iska da roba.

Feda mai laushi da ke gyaruwa idan an yi ta famfo alama ce ta iska a bututu, ko robar silinda ta gaji. Feda da ke nutsewa sannu a hankali idan an riƙe ta, har mota ta fara tafiya da kanta, tana nuna robar kulocin sama na barin mai ya koma baya. Danshin mai a saman feda daga cikin mota yana nuna yoyon kulocin sama. Idan aka ɗaga robar bakin kulocin ƙasa aka ga mai, shi ne ke yoyo.

Akwai saiti ɗaya mai muhimmanci a nan: sandar da ke haɗa feda da kulocin sama. Dole a bar mata ɗan wasa na milimita kaɗan. Idan aka tsawaita ta har ta danne fistin, ƙaramar kafar da mai ke komawa tanki za ta toshe. Da safe motar za ta yi lafiya, amma bayan doguwar tafiya cikin zafin rana mai zai kumbura, ya rasa mafita, ya fara danna kuloci da kansa. Motar da ke zamewa da rana kawai, ta warware idan ta huce, a fara duba wannan sanda kafin a sayi faranti.

Man da ake zubawa shi ne man birki mai lamba DOT 3 ko DOT 4. Yana shan danshi daga iska, abin da ke sa silinda tsatsa daga ciki, shi ya sa ake son sauya shi duk bayan kimanin shekara biyu, kuma daga gwangwani rufaffe. Baƙin mai ko man sitiyari suna kumbura robobin su lalata su cikin ƙanƙanin lokaci.

Bambancin Golf

Golf 2, da aka fara a 1983, da Golf 3, da ta biyo baya a 1991, suna da wani tsari na daban a samfuran da ke ɗauke da giyabos mai lamba 020, wanda aka fi samu da injin 1.8. A cikinsu boris ɗin saki ba ya kusa da faranti. Yana can ƙarshen giyabos ta ɓangaren tayar hagu, bayan wani zagayayyen murfi, kuma yana tura wata doguwar sanda da ta ratsa tsakiyar giyabos zuwa kuloci.

Amfanin wannan ga mai mota shi ne ana iya sauya boris ɗin ba tare da sauke giyabos ba. Haka nan ɗan ƙarfen da ke danna boris ɗin yakan tsage, feda ta yi ƙasa, a ɗauka kuloci ne ya mutu alhali gyaran na bayan murfin ne. Illar tsarin kuwa ita ce ƙaramin sil ɗin da ke kewaye da doguwar sandar: idan ya ci, man giya yana bin ta ya jiƙa faranti.

Golf 3 da Golf 2 na baya-baya suna zuwa da waya mai saita kanta, wadda ba ta da notin saiti. Idan na'urar cikinta ta ƙame saboda tsufa ko ƙura, sauya wayar ake yi.

Idan ta kai ga sauke giyabos

Mafi yawan wahalar aikin kuloci tana wajen sauke giyabos da mayar da shi, don haka kanikawan da suka ƙware suna ba da shawarar sauya faranti, firesha da boris a lokaci guda. Tun bayan janye tallafin fetur da faɗuwar darajar naira a 2023 kayan gyara sun yi tsada, abin da ke tura masu mota ga sauya faranti kaɗai ko sayen na hannu daga kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Wanda zai sayi na hannu ya duba zurfin ƙusoshin da suka riƙe fuskar farantin: idan sun kusa fitowa daidai da fuskar, ya gama aiki. Ya kuma duba ko sifirin ɗin tsakiya na kaɗawa, da ko bakin yatsun firesha ya ci. Sunayen kamfanoni irin su Sachs, LuK, Valeo, Aisin da Exedy a jikin kwali ba hujja ba ce, domin ana buga jabunsu.

Kafin a rufe, a duba fuskar fulawil ko ta tsattsage ko ta yi shuɗi, a toshe duk wani yoyon mai, a daidaita faranti a tsakiya da sanda. Giris kaɗan ake shafawa a haƙoran sandar giyabos, domin wanda ya yi yawa yana fantsama kan faranti. Ƙurar tsohon kuloci kuma ba a hura ta da baki ko da iska, saboda tsofaffin faranti da wasu masu araha suna ɗauke da asbestos, wanda shaƙarsa ke cutar da huhu. Da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa.

Idan ya lalace a hanya

Idan waya ta tsinke ko mai ya tsiyaye, ana iya fitar da mota daga wurin haɗari: a kashe inji, a sa giya ta ɗaya, a murɗa makulli, mota za ta yi tsalle ta tashi idan batir na da ƙarfi kuma lodi bai yi yawa ba. Dabara ce ta kaiwa gari mafi kusa, domin tana wahalar da sitata da giyabos. Idan zamewa ce, a rage lodi, a bar kuloci ya huce, a tafi da ƙaramar giya ba tare da danna totur da ƙarfi ba.

Direban da ke bin hanyoyin Wurno, Rabah da Goronyo zai amfana da ajiye wayar kuloci ta ko-ta-kwana ko rufaffen gwangwanin man birki, tare da sifana biyu da suka dace da notin saiti. Auna wasan feda, sauraron ƙara da gwajin ribas duka ba sa cin minti biyar, kuma ana iya yin su da safe a tasha yayin da ake jiran mota ta cika.